Mu ma Sakkwatawa muna da tudun da za mu hau mu sha iska

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lahiya kai da abokan aikinka. Don Allah ka ara min ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da 'yan uwana Sakkwatawa da kuma hukuma.

Duk ƙarshen mako in ka buɗe Facebook sai ka ga 'yan Jos sun ɗora hotuna a kan tsaunin Shere, Kanawa na kan Dala, mutanen Abuja kuma ga su gindin Dutsen Zuma, mu kuwa nan birnin Shehu sai dai mu danna layik mu koma ƙarƙashin dogon yaro muna fifita, musamman Maris da Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 ga wuta an ɗauke. In ka ce ma mutum mu fita gari mu ɗan huta sai ya ce maka ina za mu, ai ƙasarmu shimfiɗe take ba mu da dutsi.

To gaskiya ne babban dutsin da munka sani shi ne na Kwatarkwashi, wanda da can namu ne kafin a yanke Zamfara a 1996, dutsi ne na gani na faɗa mai tarihin bikin Baura da kamun mikiya. Amma tafiyar ta fi kilomita 200, sai ka bi Tureta, Talata Mafara, Maru, Bunguɗu ka wuce Gusau, kuma kowa ya san halin da wannan hanya take ciki yanzu, babu mai hankalin da zai kwashi iyalinai ya bi ta don yawon buɗe ido kawai. Allah Ya kawo mana sauƙi.

Wurin da nake son mu waiwaya shi ne Wurno. Ba tsauni ba ne irin na Filato, kada wani ya je ya dawo ya ce na ruɗe shi, tudu ne mai duwatsu da garin ya hau kansa, amma in ka tsaya gefen tudun ka leƙa ƙasa fadamar Rima ce shimfiɗe iya ganinka, shinkafa, albasa, tafarnuwa, ga manoma can ƙasa ƙanana ƙanana suna ban ruwa, ga ƙarar injin ban ruwa na tasowa daga nesa, iskar da ke bugunka a nan wallahi ba irin ta unguwarmu Mabera ba ce. Daga Sakkwato ta hanyar Achida tafiyar kamar awa guda ce, ka yi sallar asuba ka kama hanya, kafin la'asar ka dawo gida. Lokacin da ya fi daɗi a ganina shi ne bayan ɗaukewar damina, Oktoba zuwa Nuwamba, ƙasa da sauran kore kuma hazon hunturu bai rufe ko'ina ba tukuna.

Kuma ba don shan iska Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zaɓi wurin ba, ribaɗi ya yi a nan, wato sansanin tsaron iyaka, saboda daga kan tudun ana hango duk abin da ke tahowa daga wajen Gobir, a nan ya zauna har Allah Ya karɓi ransa a 1837 kuma hubbarensa na nan cikin garin. Ɗansa Aliyu Babba shi ma Wurno ya maida mazauninsa, a zamaninsa ne Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda anka fi sani da Abdulkarimu, ya sauka garin a 1853. Yaranmu suna haddace waɗanga sunaye don cin jarrabawa amma da yawansu ba su taɓa taka wurin ba, alhali in yaro ya tsaya kan tudun da ƙafarsa ya hango kwarin, ba sai malami ya wahala wajen bayyana masa me ake nufi da ribaɗi ba.

Na san za a ce ai gabashin Sakkwato ma ba a zaune lahiya, haka ne, shi ya sa ban ce kowa ya tashi ya tafi kai tsaye ba, a tambayi direbobin tasha da mutanen garin kafin a fita, kuma kada a yarda dare ya yi wa mutum a hanya. Amma rashin tsaron nan shi ne ma dalilin da ya sa nake kira ga gwamnatin jiha da ƙaramar hukumar Wurno, a tsare hanyar nan sosai, sannan a yi 'yar rumfa da wurin zama da ban-ɗaki a bakin tudun, a ɗauki samarin garin da sunka san tarihi a riƙa biyansu suna zagayawa da baƙi. Ba kuɗin gina otal nake magana ba. Masu fura da nono da masu tsire su samu ciniki, mu kuma mu dawo da tafarnuwa da albasa a but ɗin mota da araha, don uwargida ba za ta yafe ba in ka je Wurno ka dawo hannu biyu.

Shugabannin makarantun sakandare kuma don Allah in za a kai ɗalibai ziyarar ƙaro ilimi a sa Wurno cikin lissafi, tare da neman izinin Sarkin Sudan na Wurno da jami'an tsaro.

Na gode Malam Edita, Allah Ya ƙara ɗaukaka.

Naka mai karatu kullum,
daga unguwar Mabera, Sakkwato.