Kada a raba ɗalibin zane da tarihin sana'arsa

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ɗan fili domin in tofa albarkacin bakina a kan wata muhawara da ta daɗe tsakanin ɗaliban zane da sassaƙa, wato ko darasin tarihin fasaha yana da amfani ga wanda burinsa shi ne hannunsa ya faɗa. Ni ɗalibi ne a wannan fanni, kuma na sha jin abokan karatuna suna cewa duk awar da suka yi a ɗakin lacca suna sauraron labarin mutanen da suka rasu tun shekaru aru-aru, an zare ta ne daga lokacin da ya kamata su yi a gaban allon zane.

Ƙorafin nasu yana da tushe. Aikin hannu mai cin lokaci ne, fenti yana da lokacin bushewarsa, yumɓu kuma idan an kwaɓa shi ba ya jiran mutum ya gama karatun jarrabawa. Sannan a wurare da dama darasin tarihin ya koma haddar sunaye da shekaru, ana haska hotuna a bango ɗaya bayan ɗaya, ɗalibi ya kwafe, ya juye wa malami ranar jarrabawa, ya manta. Duk da haka ina ganin a hanyar koyarwar gyara yake, domin tarihin fasaha, idan aka bi shi ta inda ya dace, labari ne na matsalolin da masu zane suka ci karo da su da dabarun da suka fitar, kuma waɗannan matsaloli su ne ɗalibi yake fama da su yau a ɗakin aiki.

A ɗauki batun fenti. Kafin fentin mai ya yaɗu a Turai, masu zane a Italiya suna kwaɓa garin launi da ƙwanduwar ƙwai ne. Duk wanda ya gwada wannan haɗi da hannunsa zai ga cewa kafin ya sake tsoma burushi, abin da ya shafa ya riga ya bushe, saboda haka babu damar murza launi biyu su shige juna a kan katako. Dole sai dai ya riƙa jera siraran layuka, ɗaya kusa da ɗaya, yana ƙara duhu kaɗan-kaɗan har inuwar kumatu ko naɗin tufafi ya fito. Daga nan idan ya koma ya dubi ayyukan wancan zamani, zai gane dalilin da ya sa fuskokin suke da wannan tsaftataccen kamanni, kuma zai gane girman abin da Jan van Eyck, wani mai zane na yankin da yake Beljiyam a yau, da takwarorinsa suka yi da fentin mai, wanda yake jinkirin bushewa, har a iya ɗora shafe mai shara-shara a kan wani shafe, haske ya ratsa su ya dawo. Babban aikin su van Eyck da ke cocin birnin Ghent a Beljiyam, wanda aka kammala a 1432, da wannan dabara aka yi shi. Ɗalibin da aka ba shekarar kawai ya haddace bai samu komai ba, amma wanda aka ba ƙwai da garin launi ya kwaɓa ya samu ilimin da zai yi aiki da shi har tsufansa.

Haka ma a 1841 wani mai zane Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun kuza mai matsuwa da ake ɗura fenti a ciki, alhali a da a mafitsarar dabba ake ajiye shi. Wannan ya sauƙaƙa wa mai zane ya ɗauki kayansa ya fita fili ya zana haske yadda yake sauyawa, kuma yana cikin abubuwan da suka share hanya ga masu zanen Faransa su Claude Monet, waɗanda suka yi baje kolinsu na farko a Paris a 1874.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne, ɗalibin da bai san tarihi ba yakan ɗauki abin da aka koya masa a shekarar farko a matsayin doka ɗaya tilo. Ana koya mana yadda ake nuna nesa da kusa a kan takarda, inda layuka suke tafiya su haɗu a ɗigo guda, sai mu zaci haka ido yake gani tun fil azal. Alhali tsari ne da aka fitar a birnin Florence a farkon ƙarni na 15, ta hannun Filippo Brunelleschi, kuma al'ummomi da yawa sun yi manyan ayyuka bisa wasu ma'aunai daban. A Bagadaza, waziri Ibn Muqla, wanda ya rasu a 940, ya tsara rubutun Larabci bisa ɗigon da bakin alƙalami yake yi: da ɗigo ake auna tsayin alifi, da alifi ake fitar da da'ira, da da'irar ake auna sauran haruffa. Wannan ma ilimin daidaito ne cikakke, kuma mai zanen da ya san duka biyun yana da zaɓi a hannunsa.

Wannan zaɓi shi ne ya fito da wasu manyan masu zanen Afirka. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya domin ba su gamsu da manhajar da ta karkata ga Turai kaɗai ba. Sun riƙe abin da suka koya na dabarun zamani, suka kuma koma suka yi nazarin fasahar al'ummominsu, inda Okeke ya duƙufa a kan uli, zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bango. Shi ma Ibrahim El-Salahi na Sudan, bayan ya yi karatu a makarantar Slade ta Landan a shekarun 1950, ya koma gida ya tarar ayyukansa ba su ja hankalin mutanensa ba, sai ya zauna ya yi nazarin haruffan Larabci da adon gargajiya har ya fitar da salon da aka san shi da shi, wanda gidan baje kolin zane na Tate Modern da ke Landan ya yi wa gagarumin baje koli a 2013. Dukkansu bincike suka yi, kuma binciken nan tarihin fasaha ne, ko da ba a ɗakin lacca aka yi shi ba.

Ya kamata kuma a faɗaɗa abin da ake kira tarihin. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, wani ƙauye a kudancin Jihar Kaduna, waɗanda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928, sun haura shekara 2,000, kuma akasarinsu cikinsu rami ne, da huji a ido da hanci da baki. Duk ɗalibin da ya taɓa ganin curarren yumɓu ya fashe a wuta saboda tururi ya rasa mafita, zai dubi waɗannan hujoji ya ga gwanintar mutanen da suka san wuta ƙwarai.

Akwai haɗari ɗaya da ba zan ɓoye ba. Yawan karatu ba tare da aiki ba yana iya sanyaya hannu, ɗalibi ya riƙa ganin an riga an yi komai, ko kuma ya iya dogon bayani a kan aikin da bai kai bayanin ba. Saboda haka ne nake kira ga masu tsara manhaja da su haɗa darussan biyu wuri guda maimakon su bar kowanne da hanyarsa. Malamin tarihi ya riƙa halartar ranar da ake duba ayyukan ɗalibai, ya ce wa wannan ga wanda ya yi fama da irin matsalarka, je ka duba yadda ya yi. A bar ɗalibi ya riƙa kwaikwayon tsohon aiki da gawayi ko yumɓu, ya haɗa da gajeren rubutu a kan abin da hannunsa ya gano, a ba shi maki a kan duka biyun. A kuma riƙa kai ɗalibai gidajen adana kayan tarihi, domin hoton waya ba ya nuna girman abu, ko kaurin fenti, ko sawun yatsan maginin da ya rage a jikin tukunya.

Ina fata malamai da shugabannin sassan zane masu karanta wannan jarida za su duba wannan shawara tun kafin a fitar da jadawalin zangon karatu mai zuwa.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani ɗalibin sashen zane da sassaƙa