Godiya Ga Garejin Da Ya Hana Ni Sayen Abin Da Motata Ba Ta Bukata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Malam Injiniya, mai garejin wutar mota da kwamfutar inji da ke ta wajen Oregun a Ikeja, da dukkan yaran da ke aiki a hannunsa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Ranar da na zo karɓar makullin motata na yi maka godiya baki da baki, amma tun da na bar ƙofar garejin nake jin ban biya ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan domin in faɗa a gaban jama'a. Ka roƙe ni kada in sa sunanka, kuma na kiyaye. Mutanen majalisarmu ta Agege sun san wanda nake nufi, yabon gwani kuwa ya zama dole.

Ni haifaffen Agege ne, sana'ata harkar shanu a Abbatuwar Oko-Oba, gadon gidanmu. Bayan iyali da sana'a, babu abin da ke faranta mini rai kamar mota mai gudu. Shekara uku da suka wuce Allah ya hore mini BMW 335i mai ƙofa biyu, ƙirar 2008, tokunbo daga Amurka. Masu harkar mota sun san injinta, N54: lita 3, silinda shida a jere, turbo (na'urar cusa wa inji iska) biyu, ƙarfin doki 300 yadda ta baro kamfani. Sun kuma san inji ne mai ɓoyayyen ƙarfi, da zarar an taɓa ƙwaƙwalwarsa, wadda makanikai ke kira birenbos, sai ya tashi kamar ingarman da aka kwance. Wannan labari ne ya shiga raina ya zauna.

Wani matashi mai yawo da laftof, wanda ba zan faɗi ko wane ne ba, ya ce zai yi mini aikin cikin minti ashirin. Ya sauko da wani fayil daga intanet, ya jona waya a ƙarƙashin sitiyari, ya zuba shi, na biya shi muka rabu. Makon farko motar ta yi ta tashi kamar za ta bar ƙasa. Sai wata Laraba da rana tsaka, ina dawowa daga Obalende a kan gadar Third Mainland, na ɗan taka totur zan wuce wata babbar mota. Motar ta yi jijjiga, fitilar inji ta kunna, ƙarfinta ya zube. Wanda ya san gadar nan ya san ta haura kilomita 11, kuma babu inda mutum zai tsaya hankalinsa kwance. Haka na lallaɓa da ita har Oworonshoki, 'yan danfo suna ta zabga mini oda a baya, ni kuma ina ta salati, ina tunanin injin ya buga.

A majalisa kowa ya kawo tasa shawarar. Aka taru a kan cewa ƙwaƙwalwar kamfani ce ba ta iya ɗaukar ƙarfin, in cire ta gaba ɗaya in sa irin ta motocin tsere. Aka yi ta kiran sunayen kamfanonin da ke ƙera su, Haltech da MoTeC na Ostireliya, da Link ta Niyu Zilan. Da wannan niyya na shigo garejinka, kuɗina a shirye, ina so kawai ka yi mini odar mafi tsada.

Malam, abin da ka yi a wannan rana shi ne tushen wasiƙar nan. Ka sa aka kawo mini kujera da ruwan sanyi, sannan ka ce, "Alhaji, kafin mu yi maganar saye, ina kake zuwa da motar nan, kuma wane mai take sha?" Na ce Agege zuwa Ikeja, wani lokaci Lekki, sai Ibadan jefi-jefi, mai kuma duk gidan man da na samu. Ka yi shiru kaɗan, ka ce, "To kuɗinka ya koma aljihu tukuna." A zamanin nan da kowa ke neman abin da zai shigo, mutum ya zo da ciniki mai kauri da ƙafarsa, mai shago ya ce a dakata. Wallahi a nan na fara sakin jiki da kai.

Ka ɗauki biro da bayan wani kwali ka zana mini hanyoyin da ake bi. Akwai ƙaramin akwati da ake goya wa ƙwaƙwalwar asali, irin su JB4 na kamfanin Burger Motorsports, wanda ke tsayawa tsakaninta da na'urorin auna iska yana sauya saƙon da ke isa gare ta; amfaninsa, ana iya cire shi a mayar da mota yadda take. Akwai kuma sake rubuta lissafin da ke cikin ƙwaƙwalwar asali ta ramin jona kwamfuta da ake kira OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ya zama tilas ga duk motar da ake sayarwa a Amurka tun 1996. Sai waccan da na zo nema, mai zaman kanta, wadda ake cire ta kamfani a dasa ta.

A kanta ka fi daɗewa, kuma ba ka kushe ta ba. Ka ce kaya ne na ƙwarai, amma an yi su ne domin motar da aka tuɓe don filin tsere, ko wadda aka canza wa inji. Ka nuna mini cewa ƙwaƙwalwar motata, ƙirar Siemens, ba ita kaɗai take aiki ba: tana magana da giyar otomatik mai hawa shida, da agogunan gaban direba, da na'urar hana satar mota, da birki. In aka cire ta, dole a zauna a koya wa baƙuwar duk wannan yare, kuma ba lallai komai ya dawo daidai ba. Ga shi nozul ɗin wannan inji kai tsaye suke fesa mai cikin silinda da matsi mai ƙarfi, ba kowace baƙuwar ƙwaƙwalwa ce ke iya sarrafa irinsu ba. Ka ce, "Za ka kashe kuɗin wata motar, ka ƙare da wadda ba za ka iya kai yara makaranta da ita ba."

Daga nan ka jona kwamfutarka ka nuna mini ainihin abin da ya faru a kan gada. Fayil ɗin da aka zuba mini an tsara shi ne domin man Amurka mai lamba 93, lambar da ke nuna juriyar mai ga matsi. Ni da na ɗauka lamba lamba ce, sai ka fahimtar da ni cewa ma'aunin Amurka daban yake da na Turai, 93 ɗinsu ya yi daidai da kusan 98 a ma'aunin Turai, inda man yau da kullum yake 95. Man da muke samu a nan ba za a dogara cewa ya kai can ba, kuma na wannan gidan mai ba ɗaya yake da na wancan ba. Idan turbo ya cusa iska mai yawa, ga zafin Legas, ga mai mai rauni, sai man ya riƙa fashewa da kansa ba bisa ƙa'ida ba, yana dukan kan fistin. Ka ce ƙarar tana kama da tsakuwa a cikin gwangwani, kuma sau da yawa kunne bai ji ta ba ta riga ta yi ɓarna. Ƙwaƙwalwar da ake zagi a majalisa ita ce ta ji wannan duka ta rage ƙarfi don kada injin ya tarwatse. Ashe ceto ta yi.

Kwana huɗu motar ta yi a wajenku kafin a taɓa lissafi ko ɗaya, domin ka ce ba a ɗora kaya a kan jaki mai ciwon baya. An canza fulogi shida da koyil biyu da suka gaji. An gwada famfon mai. An gano wata robar iska da ta tsage tana zubar da ƙarfin turbo. Abin da ba zan manta ba shi ne lokacin da babban yaronka, Bayarabe ɗan Mushin mai jin Hausa kamar Bakano, ya kira ni ya haska fitilar waya cikin hanyar iska ya ce, "Alhaji, leƙa ka gani." Bawul ɗin sun yi baƙi ƙirin, dauɗa ta daskare a kansu kamar gindin kaskon mai ƙosai. Ya ce haka irin wannan inji yake yi, tun da mai ba ya bi ta kansu balle ya wanke su. Da garin ɓawon wani ƙwallo mai tauri suka fesa suka kankare su ɗaya bayan ɗaya, ya sake haska mini, ƙarfe ya fito fes. Gani ya kori ji.

Abu guda ka ce in saya, na'urar sanyaya iskar turbo babba, maimakon ta asali. Dalilinka kuwa gosulo ne. Motar da ta yi awa guda tana rarrafe a Ikorodu Road ko Oshodi, komai nata ya ɗumame, in hanya ta buɗe aka taka ta iska mai zafi take shaƙa. Wanda ya tsara fayil a ƙasar sanyi bai san da wannan ba.

Ranar zuba sabon lissafi na ga tsanaki irin wanda ban saba gani ba. Ko da akwai wutar NEPA, ka sa an tada janareta, an jona caja a batir, ka ce in wuta ta yi rawa ana tsakiyar rubutu ƙwaƙwalwar na iya mutuwa ɗungurungum. Ka fara mayar da ita kan lissafin kamfani, sannan ka hau gyara da manhajar MHD. Ba ku fita titi kuna gudu da rayukan mutane ba. Kun ɗaure motar a kan na'urar gwaji, tayoyin baya suna juyawa a kan ganguna, fanka tana hura mata iska, kai kuma idonka yana kan allo. Da man da ke cikin tankina kuka yi gwajin, wanda na saba sha, ba wani na musamman ba. Sau bakwai ana taka ta ana tsayawa. Duk lokacin da wata silinda ta nuna alamar ƙorafi sai ka ja baya kaɗan. Da na ce ko za a ɗan ƙara, ka juyo ka ce, "Akwai sauran wuri, Alhaji, amma na bar shi ne saboda ranar da za ka sha mai marar kyau ba ka sani ba." Na gamsu, ban sake magana ba.

Yau wata biyar ke nan. Na je Ibadan sau uku, na shiga gosulon Lekki ba adadi, fitilar inji ba ta sake kunnawa ba. Motar ta fi yadda na saye ta ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ƙarfin yana zuwa a hankali cikin natsuwa, ba fizga ba. In ina tafiyar yau da kullum shan manta bai ƙaru ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya koma lissafin lita. Abin da na kashe duka bai kai rabin abin da na zo da shi ba.

Akwai ƙananan abubuwa da ya kamata a sani. Duk kayan da aka cire an tara mini su a kwali an sa a but. Rasit ya nuna kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban. Kayan da aka samo a kasuwar kayan mota ta Ladipo an gaya mini na Ladipo ne, wanda aka yi oda an nuna mini takardarsa. Ƙaramin yaron nan ɗan Zariya da ke koyon aiki ya share magudanar ruwan da ke kusa da akwatin ƙwaƙwalwar ba tare da kowa ya sa shi ba, ya ce ruwan Yuni da Yuli a Legas ba ya tausayin wayoyin wutar mota. Na miƙa masa ɗan abin shan ruwa, sai da ya kalli fuskarka ka ɗaga masa kai kafin ya karɓa da hannu biyu. Tarbiyyar mai gida ce ke nunawa a jikin yaransa. Haka kuma da lokacin Azahar ya yi, an ba ni buta da darduma, muka yi jam'i a gefen garejin da masu salla cikinku.

Ga 'yan uwana matasa na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago masu sha'awar irin waɗannan motoci, ga shaidata a kan wannan gida: na shiga da mota marar lafiya da shawarar da ba ta dace ba, na fito da mota lafiyayya da sauran kuɗina.

Malam Injiniya, Allah ya saka da alheri, ya yi wa sana'arka albarka, ya jiƙan mahaifa, ya raya zuri'a. Yaranka kuma Allah ya nuna musu ranar da za su buɗe nasu wurin. Ina nan tafe bayan damina domin a sake duba lissafin kamar yadda ka ce. Ƙanena zai biyo ni da Golf GTI ɗinsa, na riga na gaya masa ya cika tanki da man da ya saba sha kafin mu taho.

Wassalam.

Naka,
Mai baƙar BMW daga Agege, Legas.