Zuwa ga ɗana da ya tambaye ni zancen fushin Allah

Ɗana,

Ranar Lahadi a taron matasa ka miƙe gaban jama'a ka ce, "Baba, kullum ana ce mana Allah ƙauna ne, to me ya kawo fushinsa cike da Littafi? In kuma shi yana fushi, don me mu ake hana mu?" Na ce ka bari in kwana da ita. Wasu suka yi dariya, wai tsoho ya rasa ta cewa. Ba su yi ƙarya ba.

Ba wanda ya hana ka fushi. Bulus ya ce wa Afisawa in sun husata kada su yi zunubi, kada kuma fushin ya kai faɗuwar rana. Wa'adi ya sa masa. Yesu ma, a Markus 3, ya dubi mutanen da suka gwammace mai shanyayyen hannu ya kwana da cutarsa a kan a warkar da shi ran Asabar, ranar hutun Yahudawa, ya dube su da fushi. Amma ayar ta ce yana baƙin ciki da taurin zuciyarsu, kuma abin da ya biyo baya shi ne hannun mutumin ya miƙe.

Ga nawa fushin. Kana ƙaramin ɗan lakwal lokacin. Ran Asabar 17 ga Janairu 2015, washegarin tarzomar da ta auku a Damagaram, aka ƙone majami'u a nan Yamai saboda zanen da wata jarida ta buga can Faransa, zanen da mu ma bai yi mana daɗi ba. 'Yan sanda sun ƙirga 45, tamu na ciki. Da la'asar na shiga, na tarar kujerun roba sun narke sun manne da siminti, kwanon rufi ya lanƙwashe kamar busasshen ganye. Cikin masu jifa na shaida wani yaro ɗan unguwarmu, wanda na sha ba shi kuɗin burodi. Daren nan addu'ata irin ta Yakubu da Yahaya ce, da suka nemi izinin kiro wuta daga sama kan ƙauyen Samariyawa, Yesu ya juya ya tsawata musu. Ni unguwa sukutum na roƙa wa wuta, na manta iyalina suna ɓoye a ɗakin maƙwabcina Musulmi, matarsa na dama musu fura.

Fushin Allah gaskiya ne, kada wani ya yi maka kwaskwarimarsa. Karanta Amos 2, inda ake sayar da matalauci a bakin takalmi. Wanda zai ga haka ya yi shiru ba mai ƙauna ba ne, bai damu ba ne kawai. Sai dai dubi yadda fushin yake tafiya. Birnin Nineba ya ba ta kwana 40, ya kuma aika mata mai gargaɗi, annabi Yunusa. Da suka tuba ya fasa, sai annabin ne ya hau fushi. Yunusa ya ce dama ya san haka za a yi, shi ya sa ya gudu, don ya san Allah mai jinkirin fushi ne. Ka ji laifin da ya kama Ubangijinsa da shi! Ya koma bayan gari yana jiran hayaƙi, har yana neman mutuwa don tsutsa ta cinye tsiron da ke yi masa inuwa. Duk wanda ya san ranar Afrilu a garin nan ba zai raina kukan inuwa ba. Amma Allah ya tuna masa da mutum sama da 120,000 da ba su san dama da hagu ba, har da dabbobinsu. Yunusa inuwarsa yake wa fushi, ni kuma kujeruna da mutuncina. Allah kuwa yaron nan mai jifa ma nasa ne, kuma a Romawa 5:8 an ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu.

Nawa fushin ya wuce faɗuwar rana, ya kai damina biyu. Da muka tashi yin sababbin bencina na je kasuwar Katako sayen katako, sai ga yaron a wata rumfa, ya yi gemu, yana auna wa mutane. Ya gan ni, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, ina wuni." Bakina ya yi nauyi kafin in amsa. Ya zaɓo mini waɗanda ba su da gara, ya rage jika biyu ban roƙa ba, ya kuma ɗora su a amalanke da kansa. Bencin da ka tashi a kansa ka yi mini tambayar nan, cikinsu yake.

Babanka a cikin Ubangiji,
daga Bukoki, Yamai