Rahoton Ayyukan Shekarar 2024: Bin Sawun Kuɗin Makarantun Gwamnati

Assalamu alaikum iyayenmu, 'yan uwa mambobi maza da mata.

A taron bara kun ɗora wa kwamitin zartarwa aikin gano inda kuɗin makarantun 'ya'yanmu ke maƙalewa, da kuma waɗanda ke da baki a wajen rabonsu. Ga abin da muka yi.

Mun fara da karatu, don ba a shiga kasuwa ba tare da sanin farashi ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa UBEC, hukumar tarayya mai kula da ilimin bai-ɗaya, aƙalla kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya, amma jiha ba ta samun tallafin gine-gine sai ta ajiye nata kason daidai da abin da za ta karɓa. Shi ya sa biliyoyin naira ke zaune a Abuja shekara da shekaru, jihohi da dama ba su je sun ɗauka ba. Mun kuma gyara wani kuskure da mu kanmu muka daɗe muna maimaitawa a rediyo, wato cewa hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta wajabta ware wa ilimi kashi 26 cikin 100 na kasafin kuɗi. Abin da ƙasashe suka amince da shi a taron ilimi na birnin Incheon da ke Koriya ta Kudu a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 na kuɗin da gwamnati ke kashewa. Don Allah a daina ambaton 26, ana yi mana dariya a gaban kwamiti.

Babban aikin shekarar shi ne zaman sauraron ra'ayin jama'a kan ƙudirin gyara dokar ilimi a majalisar jiharmu, kuma a nan idonmu ya buɗe. Masu makarantu masu zaman kansu sun zo da lauya da takarda a buge, suna neman sassaucin kuɗin rajista da haraji. Ƙungiyar malamai ta zo da maganar albashi da ƙarin girma, kuma tana da gaskiya, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yuli kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, tunda daga nan albashin malaman firamare ke fitowa. 'Yan kwangila da masu buga littattafai kuwa ba su ce uffan ba a zauren. Ba su da buƙata, sun gama kamun ƙafarsu tun kafin ƙudirin ya tsallake karatu na biyu. Mu kuwa, waɗanda 'ya'yanmu ke zaune a ƙasa a aji, sai dab da tashi aka ba mu lasifika.

Ba ma cewa neman biyan buƙata laifi ne, kowa gashinsa yake ja wa wuta. Damuwarmu ita ce abin da kasafin kuɗi ke zama idan masu riba kaɗai ne a ɗakin. Gini yana da kwangila, yana da allon suna da bikin yanke ƙyalle, ɗaukar malami kuwa babu ko ɗaya. A zagayen da matanmu suka jagoranta, sun ga sabbin ajujuwa na ayyukan mazaɓu a kulle saboda babu mai koyarwa, ga tsohon gini a gefe iska ta yaye kwanonsa, yara cunkushe. A wata makaranta an yi katanga da ƙofar ƙarfe, amma babu banɗakin 'yan mata. Shugaban makarantar ya ce ba a tambaye shi ba, da safe kawai ya ga tifa tana sauke yashi.

Mun rubuta wasiƙu muna neman jerin ayyukan da aka bayar da sunayen makarantun. Har yau shiru. Takardar koke da muka kai wa ɗan majalisarmu ta samu karɓuwa, an yi hoto, an ba mu ruwa.

Wasu mambobi sun kawo misalin Kano, inda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yuni, suka ce mu nemi irinta. Kwamiti bai ƙi ba, sai dai abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban, kuma na biyun muke son mu iya bibiya.

Laifinmu ma sai mun faɗa. Mun makara. Ma'aikatu na shirya kasafinsu watanni kafin gwamna ya kai majalisa, mu kuwa sai a ƙarshen shekara muka farka. Badi za mu fara tun kafin damina ta yi nisa, tare da kwamitocin kula da makarantu na unguwanni, kowanne da jerin buƙatunsa a rubuce da sa hannun mai unguwa.

Ma'aji zai karanto bayanin kuɗi a taro mai zuwa. Akasarin abin da aka kashe ya tafi ne a kuɗin mota da buga takardu. Waɗanda ake bi kuɗin wata su taimaka su biya kafin ranar, sannan muna neman mutum biyu masu iya karanta takardar kasafi su ba da sunansu wajen sakatare.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa