Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiya: Koyo ta Hanyar Aiki da Baje Kolin Ɗalibai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu shugabannin makarantu, 'yan uwa malamai maza da mata, a madadin kwamitin gudanarwa nake gabatar muku da abin da ƙungiyarmu ta yi a shekarar karatun da ta ƙare. Kafin komai muna addu'a ga ɗan uwanmu malamin aikin katako da Allah Ya yi wa rasuwa a zango na biyu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa abin da ya koyar ya bi shi da lada.

A taron bara alkawari ɗaya muka ɗauka: kowane malami zai sa ɗalibansa su zaɓi wata matsala ta unguwarsu, su bi ta da bincike da aikin hannu tsawon zango guda, sannan mu haɗu su nuna wa jama'a. Wasu sun ce tsarin Turawa ne muka ɗauko. Ni ban yarda ba. Makarantar da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 ma tana da sashen sana'o'in hannu, kuma kafin zuwansa ɗan maƙeri a bakin zugazugi yake koyo. Da yawa cikinmu sun fito daga makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda aka kafa a 1977, sun san abin da ɗakin gwaji yake yi wa kan yaro. Dattawanmu kuwa suna tuna injinan da aka kawo makarantu da tsarin ilimi na 6-3-3-4 a shekarun 1980, yadda wasu suka yi tsatsa a cikin akwatunansu don babu wuta, babu mai koyarwa. Darasin da muka ɗauka daga nan shi ne mu fara da abin da ke hannunmu.

A zangon farko mun yi bita ga malamai a kan yadda ake raba ɗalibai rukuni-rukuni da yadda yaro zai riƙe littafin aiki, inda zai rubuta abin da ya gwada kullum, har da gwajin da bai yi nasara ba. Halarta ta yi kyau, sai dai malaman firamare ba su zo da yawa ba, laifin namu ne da muka sa ta ranar aiki.

Ziyarar marinar Ƙofar Mata ce ta fi ba mu riba. Yara sun sha jin cewa tun 1498 ake rini a wurin, amma ba su taɓa leƙa ramin ba. Wani dattijo marini ya tsoma farin yadi ya ɗago, yadin ya fito kore-kore, kafin ya gama girgiza shi ya fara komawa shuɗi a gaban idonsu. Wata yarinya 'yar aji biyu ta ce, “Baba, me kuka ƙara masa?” Ya yi murmushi ya ce, “'Yata, iska ce.” Malamar kimiyyarsu ta ce mini mako uku ta yi tana bayanin yadda iskar oksijin ke sauya sinadari, ba wanda ya kama sai ranar. Da suka koma makaranta suka tambayi amfanin tokar da ake zubawa a cikin baba, aka rasa takardar gwaji mai sauya launi, sai suka jiƙa zoɓo a madadinta. Suka ɗiga lemon tsami ya ƙara ja, suka ɗiga ruwan kanwa ya koma kore, ruwan toka ma haka. Da kofunan roba da zoɓon Kasuwar Rimi suka gane cewa toka da kanwa gida ɗaya suke.

Baje kolin mun yi shi a zango na uku a harabar ɗaya daga makarantunmu na cikin badala. Iyaye sun zo, mai unguwa ya zo, kuma iyaye mata sun fi yawa, abin da ya faranta mana rai. An nuna tace ruwa da garin 'ya'yan zogale, da gawayin da aka curo daga buntun shinkafa, da taswirar magudanun wata unguwa da yara suka bi da ƙafa suna nuna inda leda ke toshe ruwa da damina.

Aikin da ya zo na ɗaya ba shi da kyan gani ko kaɗan. Randa ce ƙarama a cikin babba, an cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, an rufe da jiƙaƙƙen buhu. Dabarar ba ta 'yan matan da suka yi aikin ba ce, kuma sun faɗi haka da bakinsu: Malam Mohammed Bah Abba ne ya yaɗa ta a ƙauyukan Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Abin da yake nasu shi ne awon. 'Yan matan nan sun sayo tumatir a 'Yankaba, suka raba biyu, rabi a randa rabi a faifai, kullum safe da azahar suna duba ma'aunin zafi suna rubutawa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, randa ta yi aiki sosai. Da ruwa ya sauka sai sanyin ya ragu, tumatir ya fara ruɓewa da wuri. Ba su ɓoye ba. Shugabarsu ta buɗe littafin, duk ya yi dabbare-dabbare da ruwa, ta ce wa alƙalai, “Malam, sanyin daga bushewar ruwan yashin yake zuwa. Da damina iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta ɗaukar wani.” Babu wanda ya haddatar da ita wannan.

Yanzu ga abin da ya dame ni, kuma dole in faɗa. A teburin da ya fi tara jama'a akwai wani ɗan gidan bene na katako, da fitilu da fanka mai juyawa da hasken rana, an yi masa fenti tsaf. Wani alƙali ya cire waya ɗaya ya ce wa yaron ya mayar. Yaron ya tsaya yana kallon ƙasa har idonsa ya kawo ruwa. Daga baya muka gane cewa wani mai gyaran lantarki aka biya ya haɗa, kuma ba aikin yaron nan kaɗai aka yi wa haka ba. Ba na ganin laifin yaron. Mu manya ne muke son a ga sunan makarantarmu a sama, muka sa shi ya tsaya a gaban mahaifiyarsa yana jin kunya. Don haka kwamiti ya yanke cewa daga bana ba za a karɓi aikin da ba shi da littafin aiki ba, kuma mafi yawan maki zai tafi ga amsar da yaro ya bayar da bakinsa. Muna roƙon shugabannin makarantu su mara mana baya, ko da hakan zai sa teburinsu ya fito ba ƙyalli.

Malamai sun kawo kuka biyu, kuma gaskiyarsu ne. Na farko cunkoso: ajin da yara ke zaune har bakin allo ba ya rabuwa rukuni cikin minti arba'in. Na biyu 'yan ajin ƙarshe, waɗanda iyayensu ba sa son jin komai sai WAEC da NECO. Mun amince a bar 'yan ajin ƙarshe, a mai da hankali ga ƙananan sakandare da aji ɗaya na babba. Tun da gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024 ake ta maganar gine-gine da ɗaukar malamai, mu kuma muna shirya takardar neman a haɗa darasi biyu a jere sau ɗaya a mako don aikin hannu.

Kuɗin da muka kashe daga gudummawar wata-wata ya fito, sai taimakon wasu iyaye da suka ba mu rumfa da kujeru. Mafi yawa ya tafi ga motar ziyara da ma'aunan zafi. Hajiya ma'aji za ta karanta lissafin dalla-dalla a taro, kuma tana tunatar da masu bashin wata-wata, don asusun ya yi ƙasa.

A shekara mai kamawa muna son mu kai ɗalibai Gidan Makama da wurin dukawa a Kasuwar Kurmi, mu kuma mayar da bitar malaman firamare ranar Asabar. Marinan Ƙofar Mata sun ce a dawo musu da 'yan matan zoɓo su gwada ruwan ramukansu, mun amsa. Duk malamin da ajinsa zai shiga ya miƙa wa sakatare taken aikinsu kafin hutun zangon farko.

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Wassalam.

Sakataren ƙungiya