Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Bauchi, Sanata Bala Mohammed

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Ƙauran Bauchi.

Ni tsohon malamin firamare ne daga Azare. Mahaifiyata ta haifi tara, mu huɗu muka rayu. Ƙyanda ta ɗauke biyu cikin mako guda, a wata bazara. Da aka haifi autarmu, Ajuji aka riƙa ce mata, sunan 'yar wabi, don ba wanda ya sa ran za ta kai yaye. Kawuna kuwa har ya koma ga Allah da zanzanar agana a fuskarsa.

Yau ka tambayi yaro mece ce agana, sai ya tsaya yana kallonka. Tun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da ita, bayan masu lamba sun bi ƙauye-ƙauye da ƙafa. Kurkunu, mai kwantar da yaro damina guda, Najeriya ta rabu da shi a 2013, shan inna a 2020. Allah ne ya yaye, amma ta hannun mutanen da aka tura aiki aka kuma bibiye su.

Haka batun sa yara aikin ƙarfi. A Ingila ƙananan yara sun yi ta wuni a masaƙu da ramukan kwal. A 1833 aka hana masaƙu ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba. An yi dokoki kafin wannan, sun zama takarda kawai. Abin da ya bambanta ta shi ne an naɗa sufetoci huɗu da za su shiga masana'anta su gani da idonsu.

Nan ne kukana yake, ranka ya daɗe. Muna da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta wajabta karatu kyauta har ƙaramar sakandare. Amma a leƙa kasuwar Muda Lawal ko Wunti da hantsi: yarinya 'yar shekara takwas da farantin gyaɗa a ka, yaro na tura baro da kayan da ya fi ƙarfinsa, takwarorinsu na aji. Ba na zagin iyayensu. Na san gidan da sai an dawo daga talla ake ɗora tukunya. Mashaƙo kuma da muka ɗauka ta zama labari, ta dawo mana a 2023, ta fi kama yaran da ba a yi wa rigakafi ba.

Ina roƙonka a sa ma'aikata a kowace gunduma, da albashi da abin hawa, su haɗa kai da masu unguwanni da alarammomin tsangaya, su san kowane yaro: ya yi rigakafi? Yana zuwa makaranta? Uwar da aka ce ta sauke wa 'yarta faranti, a ba ta ɗan jari a hannu. A kuma riƙa kawo maka rahoton kai tsaye duk wata uku.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Tsohon malami daga Azare