Maganin RNA bai kai ga tsutsar masara ba tukuna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina son jan hankalin masu karatu kan batun da ake ta yayatawa, wai an kusa kawo feshin RNA, wato sinadarin da ke kai saƙon ƙwayoyin halitta a jikin mai rai, da zai gama da tsutsar da ta shigo Afirka ta Yamma a 2016 tana cinye zuciyar masara. A yi hattara.

Dabarar kanta gaskiya ce. Andrew Fire da Craig Mello ne suka bayyana ta a 1998, suka sami kyautar Nobel a 2006. Ana haɗa RNA mai zare biyu daidai da wata ƙwayar halitta da ƙwaro ba ya rayuwa sai da ita. Idan ya ci, jikinsa ya daddatsa zaren zuwa gutsattsari masu harafi kamar 21, su kuma su rufe bakin wannan ƙwayar halitta, ƙwaron ya daina girma ya mutu. A Amurka an amince da wani feshin RNA mai suna Calantha a Disambar 2023, amma don buzuzun dankalin turawa aka yi shi.

Faɗa-wuta, uwar tsutsar masara da ta auduga da ta wake, lamarinta daban ne. Ruwan hanjin tsutsarta kamar ruwan kanwa yake, awonsa na pH yakan kai 9 zuwa 11, ga sinadaran da ke narkar da RNA tun kafin ya ratsa bangon hanji. Ɗan abin da ya shiga kuma sai ya maƙale cikin 'yan jakunkunan ƙwayar jiki, bai isa wurin aiki ba. Shi ya sa a gwaji ake ɗura wa tsutsa RNA mai yawa, amma ta ci gaba da kiwonta. Ga zafin rana da ruwan sama da ke lalata feshin a kan ganye, ita kuwa tana can ƙunshe cikin zuciyar masara.

Masana na gwada lulluɓe RNA da sinadarin kitosan da ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, ko da laka ta musamman irin BioClay ta Jami'ar Queensland, ko a sa shukar ta riƙa yin sa cikin koren ganyenta. Duk suna matakin bincike.

Kada kuma a haɗa wannan da waken SAMPEA 20-T na cibiyar binciken noma ta Samaru. Shi furotin Bt, wato furotin wata bakteriya mai kashe tsutsa, yake ɗauke da shi, ba RNA ba. A yanzu dai manomi ya riƙa duba gonarsa kowane mako tun daga tsiro, ya yi feshin maganin ƙwari da aka saba da yamma cikin zuciyar shukar tun tsutsa na ƙarama.

Na gode,
Mai nazarin ƙwarin gona, Zariya